Kwabon Jai da Tiyar Gero

Ran kasuwar Tanut na ji wani mai shayi ya saki waƙar abota ta fim ɗin Sholay, wadda R. D. Burman ya tsara kiɗanta, Kishore Kumar da Manna Dey suka rera. Fim ɗin na 1975 ne, amma dattawan da ke wurin har da gyaɗa kai.

Ku tuna, Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, ɓarayi ne da aka ɗauka haya su kamo ɗan fashi Gabbar Singh. In gardama ta tashi, Jai kan wurga kwabo sama. Sai bayan rasuwarsa Veeru ya gano fuskokin kwabon iri ɗaya ne. Ashe da shi ya yaudari amininsa domin mutuwa ta faɗa kansa shi kaɗai.

A Damargu ma akwai masu kwabon nan, sai dai ribar tasu ce. Bara wasu aminai biyu, abokan cinikin gero a Belbeji, suka rabu bayan shekaru: ɗaya na da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta rabo. Shi ne kuwa ya fi kowa iya rera waƙar.