Kano Zuwa Maiduguri: Me Ya Kai Mu Abuja?

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Maiduguri, in aka bi ta sama kai tsaye, tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 500 ba. Jirgin fasinja yakan cinye ta cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Amma sau da yawa matafiyin da ya nemi tikiti sai a ce masa ya fara zuwa Abuja, kimanin kilomita 360, ya zauna jiran wani jirgin, sannan ya sake tashi kilomita 700 da 'yan kai zuwa Borno. Tafiyar ta ninka ke nan, kuɗin ma ya ninka, yini guda kuma ya tafi.

Abin takaicin shi ne wannan hanya ita ce mafarin zirga-zirgar jiragen sama a ƙasar nan. A watan Nuwamban 1925, jirage uku na rundunar sojan saman Ingila da suka taso daga Masar sun yada zango a Maiduguri kafin su sauka Kano. Daga baya kamfanin Nigeria Airways ya riƙa haɗa biranen Arewa da ƙananan jiragensa na Fokker, kafin ya durƙushe a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu da suka gaje shi sun karkata inda riba take, wato Legas da Abuja. Ba na ganin laifinsu. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari inda zai yi asara.

Wani zai ce ai ga mota. Mai karatu ya san tafiyar kusan kilomita 600 ta Potiskum da Damaturu ba wasa ba ce. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin tagwaye, kuma har yanzu ba mu manta da mutanen da aka hallaka a Auno cikin Fabrairun 2020 ba, suna kwana a bakin hanya. Majinyacin da aka tura daga wannan asibitin koyarwa zuwa wancan, da malamin jami'a, da ɗan kasuwar Kantin Kwari, duk suna da haƙƙin samun zaɓi.

Maganin kuwa ba sabon abu ba ne. Tun 1978 Amurka ke tallafa wa jiragen da ke zuwa ƙananan garuruwa, Indiya ma ta ɓullo da irin wannan shiri a 2016. A nan gida, Jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air a 2019. Ba sai gwamnoninmu sun sayi jirgi ba. Ya isa Kano da Borno su haɗa hannu su lamunce wa wani kamfani adadin kujeru, sau uku a mako, a jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda ke ɗaukar mutum kusan 70 kuma bai cin mai kamar manyan jirage. In kujerun suka cika, gwamnati ba ta biya ko kwabo ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun gina filayen jirage a kusan kowace jiha, amma duk sun fuskanci Abuja, sun juya wa juna baya. Ya kamata taron gwamnonin Arewa na gaba ya sa wannan batu cikin ajandarsa. Allah Ya sa a ji.