JEGO A ƘASAR WASU

A Bakori, da Kabomo, da Tsiga, da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, in mace ta haihu unguwa ce ta haihu. Tun ciki yana wata bakwai miji ya fara tara itace. In haihuwar fari ce, yarinya ta tafi gidan iyayenta goyon ciki. Ran da ta sauka, kafin ungozoma ta gama wanke hannu labari ya zaga gari, an ɗora tukunya. Wata tsohuwa ita ke yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, wata ta dama kunu, wata ta karɓi jariri ta gasa masa cibiya, ƙanwar miji ta kwashi wanki, maƙwabta su yi ta aiko da tuwo. Ran kwana bakwai a yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙi ya shaida wa duniya sunan yaro. Har a yi arba'in maijego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta hura wuta. Ba a rubuta wannan a littafin doka ba, ba kuwa Ministan da ya taɓa ware masa kwabo, amma ga shi yana tafiya daidai fiye da ayyukan Gwamnati da yawa da muka sani.

Kada mai karatu ya ce muna yabon kome da kome. Tun wajen shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka nuna yawan kanwa da kwanciya bisa gado mai wuta a ƙarƙashi suna wahalad da zuciyar maijego, har ta kumbura, wata ma ta rasu. Wannan kam a rage. Abin da muke yabo shi ne hannuwa, watau mace ba ta kwana ita kaɗai da jariri yana kuka ba ta san abin da ke damunsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a riƙa duba maijego da ɗanta har mako shida. Mako shida kwana 42 ne. Ashe kakanninmu da suka ce arba'in ba su yi kuskuren lissafi ba.

To, zancenmu na yau a kan 'ya'yanmu ne da ke haihuwa inda babu waɗannan hannuwa. Suna da yawa, kullum kuwa ƙaruwa suke yi. Wani karatu ya kai shi Alƙahira, ko Malesiya, ko Ingila, ya tafi da amaryarsa. Wani fatauci ya zaunar da shi Kumasi ko Abijan. Wata ta tafi Umra ta ƙi dawowa, tana aikatau a Jidda. Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne. Audugar da ta gina Funtuwa ta ja baya, taki ya fi ƙarfin talaka, gonar da ke bakin daji ta zama abin tsoro. In har ɓarayin daji za su shiga Tsiga su ɗauki Janar Maharazu Tsiga mai ritaya daga gidansa, kamar yadda suka yi a Fabrairun 2025, ina ga mai garma da shanu biyu? Wanda ya ga hanya ya fita, ba mu ga laifinsa ba.

Ku ɗauka ga malamin makaranta nan da matarsa a ɗaki ɗaya a hawa na biyar, a birnin da ba su san kowa ba. An sallamo ta daga asibiti bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ne ungozoma, shi ne kaka, shi ne mai wanki, da safe kuma malaminsa na jiransa. Ita kuwa yarinyar da aka rene ta da kunyar ɗan fari, wadda a gida ko sunan yaron ba za ta faɗa ba, ko ɗaukarsa gaban surukai sai an matsa mata, yau ita ce za ta yi masa wanka, hannu na rawa, uwarta na kwatanta mata ta waya daga Bakori, in an sami layi. Ran suna rago yana Bakori, jariri yana Alƙahira. An yanka, an raba, an yi addu'a, an aika musu da hoto. Su biyu suka ci shinkafarsu suka kwanta. Da rana in miji ya fita, ita da bango huɗu. Ba sallama, ba mai leƙowa ya ce ina kwanan jariri. Likitoci sun san wata irin damuwa da ke kama mace bayan haihuwa, ta yi ta kuka ba dalili, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, kaɗaici kuwa yana ƙara mata ƙarfi. A gida tsohuwa na gani za ta gane. A can wa zai gane?

Akwai alheri ɗaya a ciki, ba za mu ɓoye shi ba. Samari da yawa da a gida ba za su taɓa ɗaukar jariri ba sai ya yi ƙwari, a can sun koyi goyo da wanki da raino, sun san abin da iyayensu mata suka sha. Muna fata in sun dawo kada su bar wannan ilmi a filin jirgi.

Amma kaɗaici ba shi Gwamnati za ta yi wa magani ba, mun sani. Abin da ya rataya a wuyanta shi ne takarda, nan kuwa ta gaza.

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 25, ya faɗa ƙarara: duk wanda aka haifa a wajen Nijeriya, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne tun ran haihuwa. Madalla. Sai dai ɗan sandan kan iyaka ba ya karanta Tsarin Mulkinmu, fasfo yake nema. Yanzu jariri ba ya raɓa fasfon uwarsa kamar da, sai nasa na kansa, da hotonsa, da lambar NIN. Kuɗin da aka yanka wa mai neman ƙaramin fasfo daga waje a 2025 dala 150 ne. A canjin wannan shekara ya haura Naira 200,000, watau kusan albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci, tun da Naira 70,000 aka tsayar a 2024. Ban da kuɗin mota zuwa birnin da ofishin jakadanci yake, da kwana a can, da komawa in an ce a dawo. Ƙasar da aka haife shi kuma ba ta ce nata ba ne. Ingila ta daina ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai tun 1983. Saudiyya ba ta ba ɗan baƙi. Saboda haka kafin fasfon nan ya fito, yaron namu ne a baki, a takarda kuwa ba na kowa ba ne. In kakarsa ta yi ciwo a Kakumi ba a iya kawo shi ta gan shi. In fitina ta tashi inda suke ba a iya fita da shi salin alin.

Wanda ya ce fitina ba ta tashi bai san tarihin tafiyarmu ba. A Nuwamban 1969 Gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Mutanen zango suka kwaso 'ya'yan da aka haifa a Kumasi da Ankara, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ba, aka loda su manyan motoci. Mu ma a 1983 muka yi wa mutanen Gana irin wannan, abin kunya ne, mun faɗa. Na kusa-kusa shi ne na Sudan. Ran 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum. Gwamnati ta ce ta kashe dala miliyan 1.2 wajen hayar motoci 40. Motocin farko suka kai mutanenmu kan iyakar Masar, suka yi kwanaki a sarari cikin zafin hamada, da mata da ƙananan yara, domin ba a shirya da Masar tun da wuri ba. Sai ran 3 ga Mayu jirgin farko ya sauka Abuja. Daga ƙarshe an kwaso fiye da mutum 2,500, mun gode Allah. Amma Sudan cike take da jikokin alhazan ƙafa, waɗanda suka bar ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira don neman guzuri, haihuwa ta riske su a hanya, zango ya zama gari. Da yawansu 'yan Sudan ne yanzu, wannan daidai. Amma wanda ya rasa takardar can, ya rasa ta nan, ran da bindiga ta fara magana wace mota zai hau? Farkon abin jariri ɗaya ne da ba wanda ya rubuta sunansa.

Mafi ban tausayi su ne na Makka da Jidda. Mace ba ta da iƙama, mijin ma haka. Tana tsoron asibiti don kada a kama ta, sai ta haihu a ɗaki. Yaro ya tashi ba takardar haihuwa, ba makarantar hukuma, Larabci a bakinsa, Hausa guntu-guntu. Wata rana a yi kame, a kai su Shumaisi, a sauke su filin jirgin Malam Aminu Kano. Shi ke nan, wai an maido shi gida, gidan da bai san hanyarsa ba. Za a ce laifin iyaye ne da suka karya dokar ƙasar mutane. Mun yarda, ba mu goyon bayan kowa ya maƙale. Amma jaririn wace doka ya karya? Muna da ofishin jakadanci a Riyad, muna da ƙarami a Jidda. Me zai hana a buɗe littafi, duk ɗan Nijeriya da ya haihu, da iƙama ko babu, ya zo a rubuta sunan yaro da na iyaye da garinsu, a ba shi shaida kyauta?

Ga abin da manya suka yi a maimakon haka. A Satumban 2023 aka kira jakadun Nijeriya duka gida, aka shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa wasu ba. A Yunin wannan shekara ta 2023 aka saki Naira, dalar da ake saya wajen 460 a banki ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Uban da ke sayar da masara a kasuwar Bakori yana aika wa ɗansa, buhu uku ya koma yin aikin buhu ɗaya. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura da kanta ƙarƙashin yarjejeniyar ilmi da wasu ƙasashe suka yi watanni ba alawus, a 2024 kuma aka zaftare shi daga dala 500 a wata zuwa 220. Gwauro ya iya ɗaure ciki ya sha ruwa ya kwanta. Mai jariri fa? Madara ba ta san an yi canjin kuɗi ba, mai gidan haya ma haka.

Duk da haka in an zo ƙirga riba ba a manta da su. Kuɗin da 'yan Nijeriya na waje ke aikowa gida ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara, manya kuwa suna faɗinsa da fara'a kamar su suka nomo shi. An kafa musu hukuma a Abuja, an ware musu ran 25 ga Yuli, ana taro, ana jawabi, ana ba da lambar yabo ga waɗanda suka yi suna a Landan da Amurka. Ƙuri'a dai ba a ba su ba. Mai aikatau a Jidda da ke aiko da riyal ana saya wa ƙannenta taki a Guga, ba mu taɓa jin an ambace ta ba. An san saniya ran tatsa, ran da ta haihu ba mai kai mata dusa.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Fasfon farko na jaririn da aka haifa a waje ya zama kyauta, ko a karɓi kuɗin takarda kaɗai, a kuma ba da shi cikin kwana arba'in, yadda uwa na fita jego ɗanta na da shaida. Ma'aikatan jakadanci su riƙa fita rangadi zuwa garuruwan da mutanenmu suka taru, kada a ce maijego ta ɗauko ɗanyen goyo ta yi tafiyar yini guda don a ɗauki hoto. Duk hukumar da ta tura malami karatu, ta san magidanci ta tura, ta biya shi kan kari. Wakilanmu na Majalisar Tarayya, da na Bakori da Ɗanja, da Sanatan shiyyar Funtuwa, wannan magana ce ta kuɗi kaɗan da ke buƙatar baki ɗaya ya tashi ya faɗa. Muna saurare.

Saura mu na gida, don ba duka laifi ke Abuja ba. Yaro ya bugo waya ya ce an sauka lafiya, kafin a tambayi jikin maijego an fara lissafi: ragon suna biyu, atamfar gwaggo, shaddar baffa, kuɗin maroƙa, tun da ai yana Turai. Ba mu san a daren nan ruwan shayi ya sha ba. Kuɗin da za a ƙone a bikin da mai shi ba ya nan, da an haɗa an yi wa uwar yarinya fasfo da kuɗin jirgi ta je ta yi mata ko wata ɗaya, inda ƙasar ta yarda, da ya fi. Inda ba ta yarda ba, a bar yarinya ta zo gida ta haihu in likita ya amince da tafiyar, kada miji ya ce sai yaro ya zama haifaffen waje, abin da ba zai ƙara masa kome ba a yawancin ƙasashen nan. Hakimai da dagatai da masu unguwa kuma sun san kowane gida da ke da ɗa a waje, sun fi kowace hukuma sani. In aka raɗa wa jariri suna a zauren kakansa a Kurami alhali yana Kumasi, mai unguwa ya rubuta: sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, garin da aka haife shi, ya kai sakatariyar Ƙaramar Hukuma a ajiye. Littafi ɗaya da alƙalami ɗaya ne, ba sai an jira kasafin kuɗin baɗi ba.