Sanduwo, da sojan da ba mu taɓa ba da labarinsa ba

Hutun da ya wuce na je gida Fakku da waya cike da fina-finai, kamar yadda yawancinmu muke yi. A wajen mai tura fina-finai na bakin ƙofar makaranta na ce a zuba mini na Chaina, masu duka da tashi sama. Da na isa gida na buɗe, sai na tarar a ciki akwai wani mai dogon zango na sojoji, sunansa Soldiers Sortie, na shekarar 2006, da fassarar Turanci a ƙasa. Kashi na farko ya ƙare ba a daki kowa ba, in ban da mahaifin jarumin da ke jibgar ɗansa. Na so in goge shi. Rashin data ne ya hana ni, kuma yau ina godiya ga rashin datar nan.

Jarumin, Xu Sanduo, mu Sanduwo muke ce masa, ɗan ƙauye ne, na uku a gidansu, mai tsoro da nauyin kai. Wani saje mai suna Shi Jin ne ya tausaya masa ya ɗauke shi soja. Da aka gama horon kurata aka ga ba shi da wani amfani, sai aka jefa shi can cikin dajin ciyawa, wani ƙaramin sansani da ke gadin bututun mai, inda sojojin wurin ba su da aiki sai karta. Shugabansu ya ce masa cikin gatse ya je ya gina hanya in aiki yake so. Shi kuwa bai san gatse ba. Ya dinga tsinto duwatsu yana jerawa, kullum, har hanya ta fito. Daga baya aka mai da shi wata runduna mai ji da kanta, ya yi juyi 333 a kan ƙarfen motsa jiki don ya fitar da sajensa kunya. Aka rushe rundunar, aka bar shi gadin bariki wanda babu kowa a ciki, yana shara yana fareti shi kaɗai wata da watanni. Babu soyayya a fim ɗin, babu waƙa da rawa, yaƙin ma kaɗan ne.

A dare na uku baffana ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Mi kaka kallo haka ba ka kwana?" Na ce fim ɗin sojoji ne, Baffa. Ya zauna a gefen tabarma, ina fassara masa. Da ya ga Sanduwo na jera duwatsu ya yi dariya ya ce, "Wanga yaro ai wawa na." Da aka zo inda aka sallami Saje Shi Jin daga aiki, Sanduwo ya kwanta a kan jakarsa yana kuka ya hana shi tafiya, sai Baffa ya yi shiru. Can ya ce, "Ko namu haka suka zama da juna?"

Ɗansa na biyu soja ne. Shekara huɗu ke nan da ya fita daga Difo na Zariya. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya. Amma na kasa amsa tambayar Baffa, don ban san komai game da rayuwarsa ba ban da hoton kaki da yake turowa, da kuma "lafiya lau muke, a ci gaba da addu'a." Ban san wa ke kwana kusa da shi ba, ban san me yake ci ba, ban san ko yana da sajen da ya riƙe shi kamar ƙane ba. Na san Sanduwo na ƙasar Sin fiye da yadda na san ɗan baffana. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Ku duba abin mamaki. Rabon da sojojin Sin su shiga babban yaƙi tun wanda suka gwabza da Biyetnam a 1979, amma sun iya zaunar da mutum kashi wajen talatin yana kallon rayuwar kurtu. Mu kuwa kakanninmu sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayenmu sun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. An je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG a 1990, an je Saliyo. Tun 2009 ake fama da Boko Haram, ga kuma 'yan bindigar daji da suka hana mutanen Kebbe da maƙwabtansu barci da noma. Runduna ta 8 tana nan cikin Sakkwato, muna wuce barikin Giginya a kan mashin. Duk da haka, a finafinan Hausa da na taso ina kallo, soja yakan fito ne a matsayin wan yarinya da ke zuwa ya sa saurayi tsallen kwaɗo. Na san a Kudu an yi '76 na Izu Ojukwu a 2016, an yi Eagle Wings a kan sojojin sama a 2021. Amma na hafsoshi ne da matuƙan jirgi. Ina labarin ɗan talakan da ya gama sakandare, ya rasa kuɗin ci gaba, ya cika fom, ya yi gudu a filin tantancewa da takalmin aro?

Na san abin da abokaina na ajin aikin jarida za su ce, don ɗaya ya riga ya faɗa mini a kafteriya: "Malam, farfaganda ce ka sha." Bai yi ƙarya ba. Da hannun sutudiyon fina-finan rundunar sojin Sin aka yi shirin, kuma ba za ka ga hafsa yana cin kuɗin abincin yaransa a ciki ba, balle soja ya ɗaga bindiga a kan farar hula. Ƙasar da ke da gidan rediyo mai watsa shiri da Hausa tun 1963, ta kuma ɗauki alkawari a 2015 na kai talabijin ta tauraron ɗan adam ƙauyuka 10,000 a Afirka, ta san amfanin labari sarai. Ba sadaka take yi ba. Duk wanda ya kalli irin waɗannan fina-finai ya kalla da ido biyu.

Amma ko a cikin farfagandar sun bar wasu abubuwa masu ɗaci. An nuna yadda ake sallamar saje nagari don tsari ya canja, ba don ya yi laifi ba. An nuna Cheng Cai, ɗan ƙauyensu Sanduwo, gwanin harbi, yana watsar da abokai don neman igiya. An nuna Sanduwo, ranar da ya fara kashe mutum a wani samame kan masu fataucin ƙwaya, ya kasa ci ya kasa barci har ya nemi barin aiki. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Samarinmu nawa ne suka dawo daga daji da irin wannan ciwon, muka ce aljanu ne ko shaye-shaye, ba mu tambaye su abin da idonsu ya gani ba?

Don haka ba kira nake yi a yi mana fim ɗin wanke kaki ba. In za a yi namu, dole ya ɗauki gaskiya duka. Ya nuna sojan da ya tsaya aka kashe shi don ƙauye ya samu gudu, ya kuma nuna abin da ya kai sojoji ga harbin motar kwamandansu a barikin Maimalari a 2014. Ya nuna matar da ke jiran kira a bariki, ya nuna mutanen Tudun Biri da jirgi marar matuƙi ya hallaka suna Mauludi a Disambar 2023. Ya nuna manomin da ya kira waya da dare bai ga kowa ba sai da gari ya waye. In aka ɓoye rabi, mutanenmu za su gane, don su ne abin ya shafa.

Me ya sa wannan ya dame ni har haka? Saboda a ƙauyukanmu yanzu tsaro ya rataya ne a kan yarda. Soja ba ya sanin daji sai ɗan gari ya faɗa masa, ɗan gari kuma ba ya buɗe baki ga wanda yake gani baƙo ne mai bindiga kawai. Shi ma sojan da aka kawo daga nesa, in bai taɓa jin labarinmu ba, kowane mai rawani da sanda abin zargi ne a wurinsa. Fim ba zai kori ɓarayin daji ba, na sani. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma cikin duhun nan ake kashe mu.

Kafin mu ɗora wa Kannywood laifi, mu dubi kanmu. A makarantar nan akwai masu karanta aikin jarida da ke neman abin da za su yi furojet a kai, akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo, kowa da waya mai kyamara a aljihu. Kusan kowane ɗaki a hostel akwai mai wa ko ƙane ko kawu a soja. A garuruwanmu akwai tsofaffin sojoji na yaƙin basasa da na Laberiya, suna zaune a gindin bishiya, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗaukar muryarsu ba ya bukatar miliyoyi, tabarma ce da haƙuri.

Ni dai na fara da abin da zan iya. Da ɗan baffana ya kira ranar Juma'ar da ta wuce, ya ce lafiya lau suke, sai na ce, "Na ji. Amma wa ke kwana kusa da kai?" Ya yi dariya ya ce tambayar me ce ce wannan. Sannan ya fara ba ni labarin wani kofur ɗan Binuwai da ke raba masa garin kwaki, wanda yanzu ya iya cewa "hwa" kamar Basakkwace. Muka yi minti arba'in har katinsa ya ƙare. Na rubuta duka a bayan littafin lakca, kuma da hutu zan karanta wa Baffa.