Sanarwar ɗaukar aiki a intanet kaɗai? Kun rufe wa 'yan Maradun ƙofa

Za a ɗauki ma'aikacin laburare ko mai shigar da bayanai a kwamfuta, sai ka ga an saki hoton takarda da Turanci a Facebook, wa'adi 'yan kwanaki. Wa zai gani? Ɗan Gusau mai 4G. Yarinyar da ta gama Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara ta koma gida Bakura ko Maradun, kafin sabis ya kawo mata labari an rufe. Ba mu manta Satumban 2021 ba, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. A karanta sanarwar a rediyo da Hausa, a karɓi takardu hannu da hannu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ta intanet ɗin ma a buga ta da rubutu, yadda TalkBack zai karanta wa makaho.