ƊALIBANMU A ALƘAHIRA: KARATU, ABOKAI DA GANIN GARI



Akwai wani kuka da iyayen yara suke yawan kawo mana, musamman 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda suka tura 'ya'yansu neman ilmi ƙasar Masar. Uba ya ƙuntata wa gidansa ya aika da kuɗin wata, ba a jima ba sai ga hoton ɗansa ya iso ta waya, yana tsaye gaban dalar Fir'auna tare da abokansa. Nan take ran uba ya ɓaci, ya ce shin karatu aka tura yaron nan ko yawon gantali? Waɗansu har sukan rage abin da suke aikawa, wai don kada yawan kuɗi ya lalata shi. To, a wannan mako za mu duba yadda zaman ɗalibi yake a Alƙahira, domin uba ya san inda ya kamata ya sa ido da inda ya kamata ya kwantar da hankalinsa.

Da farko dai, zuwan mutanenmu wannan birni ba baƙon abu ba ne. Tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Malikiyya a can, wadda ta zama masaukin alhazansu. A cikin Masallacin Azhar kansa, wanda aka fara salla a cikinsa a 972, akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Shehun malami Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Watau yaron da ya sauka birnin yau sawun magabata ya bi, kuma su ma da abokai suka yi zamansu.

Wanda ya sami gurbin karatu na Azhar akan ba shi ɗaki a Madinatul Bu'us, wata unguwar ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, inda Bahaushe yake maƙwabtaka da mutumin Indonesiya da na Senegal da na Afganistan. Wanda bai samu ba kuwa, sai ya haɗu da 'yan'uwansa huɗu ko biyar su kama haya, galibi a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, ko kuma a Darrasa kusa da masallacin. A nan ne ake fara karatun da ba a rubuta shi a littafi ba. Ana karo-karon kuɗin haya da na wuta da na cefane, a danƙa wa wanda aka fi amince wa. Ana raba ranakun girki. Yaron da bai taɓa riƙe muciya a gidan ubansa ba sai ga shi yana tuƙa tuwo da garin alkama, yana tattalin 'yar kuka da daddawa da yajin da wani sabon zuwa ya kawo daga gida kamar zinariya. Ranar da aljihu ya yi sanyi kuwa, sai a koma ga abincin talakan Masar: gurasa da wake dafaffe da suke kira ful, da ta'amiyya wadda ta yi kama da ƙosanmu, da kushari, watau shinkafa da taliya da adas a kwano guda.

Akwai abubuwa uku da sukan girgiza sabon ɗalibi. Na ɗaya harshe. Yaro ya haddace nahawu a gida, ya shiga motar haya ya yi magana, sai mutane su yi murmushi, domin Bamisire a titi yana mai da jimun ga, ya haɗiye ƙafun, ga kalmomi barjat da ba su cikin ƙamus. Na biyu sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturun Alƙahira yana shiga ƙashi, a daidai lokacin da ake shirin jarrabawar zangon farko. Na uku takardar izinin zama, wadda suke kira iƙama, da ake sabuntawa lokaci lokaci, da sammako da dogon layi. Ga kuma abin da ba a son faɗa, watau baƙar magana da wani jahili kan yaɓa wa baƙin mutum a kan hanya saboda launin fatarsa. Duk waɗannan, tsohon ɗalibi ne yake riƙe hannun sabo ya fitar da shi. Shi zai tarye shi a filin jirgi, ya kai shi jarrabawar tantance matsayi, ya nuna masa inda ake zaman karatu a rumfunan Azhar bayan darasin aji, ya ce masa, “Malam, ka yi haƙuri, mu ma haka muka tarar.”

Ya kamata kuma iyaye su san cewa lissafin da suka yi shekarun baya ya rushe. An karya darajar fam ɗin Masar a 2016, aka sake a 2022, aka kuma sakewa a Maris na 2024, ita ma naira ta faɗi warwas bayan da aka sake ta a Yuni na 2023. Kaya sun yi tsada a can, abin da ake aikawa daga nan kuma ya ƙanƙance. Saboda haka uban da ya rage kuɗin wata don horo, sau da yawa ba yawo ya hana ba, abinci ya hana.

Yanzu sai mu zo kan ganin gari. Juma'a ranar hutu ce a Masar, kuma katin ɗalibi yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi, masallatai da yawa ma ba a biyan ko sisi. Abokai sukan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, su sauka Fusɗaɗ su yi salla a masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko a ƙasar Masar, wanda wannan Sahabi ya kafa bayan cin ƙasar a zamanin Sayyidina Umar. Daga nan a wuce masallacin Ibnu Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ta nannaɗe ta daga waje. Sa'an nan a gangara maƙabartar Ƙarafa.

A nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata. Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya saba jin malaminsa a zaure yana cewa Ibnul Ƙasim ya ce, Ashhabu ya ce. A Ƙarafa waɗannan almajiran Imamu Malik suke kwance, ba nesa da ƙubbar Imamu Shafi'i wanda ya rasu a 820. Shehu Halilu mai Muhtasar, littafin da alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, mutumin Alƙahira ne. Tafsirin Jalalaini da ake karanta mana kowane watan azumi, malamai biyu na wannan birni suka rubuta shi: Jalaluddini al-Mahalli ya fara, ya rasu a 1459, almajirinsa Jalaluddini as-Suyuɗi ya kammala. Shi Suyuɗin nan kuwa har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas. To, yaron da ya taka waɗannan wurare da ƙafarsa, sunayen da ke cikin littafi sun zama mutane a gare shi, masu gida da unguwa da kabari. Gani ya kori ji.

Ɗan kasuwa ma yana da rabo a wannan yawo. Dab da Azhar akwai kasuwar Hanul Halili, wadda asalinta ke komawa shekarun 1380, da kuma Wakalar Ghuri da aka gina a farkon ƙarni na 16. Wakala masaukin fatake ce: ƙasa rumbunan ajiye kaya, tsakar gida wurin ciniki da sauke raƙuma, sama ɗakunan kwana, kamar dai gidan fatoma a Kurmi amma da dutse. Abin lura shi ne, hayar irin waɗannan gine-gine waƙafi ce, da ita ake ciyar da makarantu da asibitoci, irin asibitin Sarki Ƙalawun na 1285 da ake jinyar talaka kyauta. A tsofaffin titunan birnin kuma za ka ga gidan shan ruwa na sadaka a ƙasa, makarantar allo ta marayu a samansa. Ɗan attajirin da ya ga wannan da idonsa, ya dawo da wata fahimta game da abin da dukiya take iya bari bayan mai ita.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, ga nasa. A tsibirin Rauda akwai ma'aunin kogin Nilu na 861, wata rijiya mai ginshiƙi da aka yi wa zane zane, wadda da ita hukuma take gane yawan ambaliyar shekara kafin ta yanka wa manoma haraji. Idan ruwa ya gaza, a rage. An daina dogara da ambaliya tun da aka gama madatsar Aswan a 1970, amma darasin bai tsufa ba, watau a auna ƙarfin talaka kafin a ɗora masa kaya. A ƙasan ganuwar Salahuddini kuma, wadda aka fara ginawa a 1176, akwai makarantar Sarki Hasan ta 1356, inda aka ba kowace mazhaba cikin huɗu sashenta a ƙarƙashin rufi guda. Tana fuskantar masallacin Rifa'i, inda aka binne Sarki Faruƙu da aka tumɓuke a 1952, da Shah na Iran wanda ya rasa gadonsa a 1979 ya mutu a Alƙahira a 1980. Wanda yake riƙe da kujera, wannan ɗaki ya ishe shi wa'azi.

Saura batun dala da gawarwakin Fir'aunoni, wanda shi ne ya fi damun iyaye. Babbar dalar Giza ta kai wajen shekara 4,500, kuma asalin tsawonta mita 146 ne. Gawarwakin sarakunan guda 22 an ɗauke su a Afrilu na 2021 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa wani sabo a Fusɗaɗ, cikinsu har da Ramsis na Biyu da ɗansa. Masana ba su haɗu a kan wanne ne Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam, ba, don haka kada ɗalibi ya dawo yana rantsuwa cewa ya gan shi. Amma Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Malamai sun yi bayani cewa shiga irin waɗannan wurare na halakakku ana yin sa ne da tsoron Allah da neman izina, ba da shewa da wasa ba. Ashe ke nan ba zuwan ne abin tambaya ba, a'a, da wace zuciya aka je, kuma da wa aka je.

Wannan shi ne ginshiƙin maganarmu. Alƙahira birni ne da ba ya barci. Titin da ya kai mutum shagunan littattafai na bayan Azhar, shi ne kuma yake kai shi gidan shayi da shisha inda ake kallon ƙwallo har asuba. Mun san ɗalibai da suka kammala cikin lokacinsu suka dawo da shahada da akwatunan littattafai da suka tara a baje kolin littattafai na birnin, wanda ake yi tun 1969. Mun kuma san waɗanda suka shekara goma ana maimaita aji, sun koma dillancin marasa lafiya masu zuwa asibiti daga gida, ko safarar dogayen riguna da turare. Neman halali ba laifi ba ne, kuma wani matsin aljihu ne ya tura shi, amma idan ya cinye abin da ya kai mutum, an yi ba a yi ba. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan ba dala ba ce, ba kuma kogin Nilu ba. Abokan ɗaki ne. Hadisi ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, na banza kuma da mai zugar maƙera, Bahaushe ma ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye. Ka san sunayen waɗanda ɗanka yake kwano ɗaya da su, da garuruwansu, da ajin da kowa yake, kuma ka riƙa gaisawa da babbansu. Ka nemi ganin sakamakon jarrabawa kowace shekara a rubuce, ba labarin baka ba. Ka tambayi wane malami yake zama gabansa bayan aji, kuma wane littafi suke ciki. Ka sake lissafin kuɗin wata bisa tsadar yau. In ya ce maka sun fita ganin gari, kada ka yi faɗa. Ka ce ya ba ka labarin abin da ya gano. Wanda ya je da ido da hankali zai cika ka da bayani, wanda kuwa ya je rakiya kawai, a jimla biyu zai ƙare, kai ma ka gane inda aka kwana.

Ku kuma ɗalibai, ku tuna kowane fam da kuka kashe gumin wani ne a Kantin Kwari ko a ofis. Ku sa rana ɗaya ta fita bayan kwana shida na karatu, kada ku juya lissafin. Ku riƙe sabon zuwa kamar yadda aka riƙe ku, ku kiyaye dokar ƙasar da ta ba ku masauki, domin da halinku ake auna duk wanda zai zo bayanku.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani da abokai na gari, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.