Karayar Tsofaffi a Ouidi Ba Tsautsayi Kaɗai Ba Ne

A Ouidi, wata unguwa a Wagadugu, idan tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, sai a ce tsautsayi ne, a kira mai ɗori. Da wuya a tambayi dalilin da ƙashi zai karye a faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka a kanta ba.

Sau da yawa dalilin zaizayewar ƙashi ne. Ƙashi kan kai iyakar ƙarfinsa wajen shekara 30. Da mace ta daina al'ada, sinadarin estrojin ya ragu, sai zaizayar ta yi sauri, kuma ba ta ciwo har sai an karye. Gidauniyar yaƙi da cutar ta duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura 50 za ta gamu da irin wannan karaya.

Abin takaici, wani haɗarin da kuɗinmu muke sayensa. Ƙwayoyin sha-ka-fashe irin su dexamethasone, da 'yan mata ke haɗiya don su yi jiki, suna cinye ƙashi idan an daɗe a kansu. Taba da rashin motsa jiki ma haka.

Don ƙarfafa ƙashi, nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi na ba da kalsiyam, hantsi kuma na taimaka wa fata ta samar da bitamin D. Amma wadda ta riga ta karye abinci kaɗai bai ishe ta ba. A kai ta Asibitin Yalgado Ouédraogo likita ya duba ta, domin akwai magunguna irin alendronate, da ake sha sau ɗaya a mako, masu rage haɗarin karaya ta biyu.