Kada mu zubar da tsofaffin kaset ɗinmu

Tun da katin memori ya kori kaset daga teburanmu, da yawa cikinmu, daga Tunuga zuwa Gaya da Kamba, mun cusa ragowar hajar a buhu mun jefa bayan shago. Wasu ma yara ne ke jan zaren suna wasa. To, jama'a, a dakata tukuna.

A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan da yake yi da ogan na lantarki a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kaset wajen 100 kacal aka buga. Bayan shekaru fiye da 30 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan a faifai a 2013, har Mamman ya je Turai yana wasa. Haka aka yi da Ata Kak na Gana. Kaset ɗinsa na kiɗan rawa, Obaa Sima, bai wuce guda 50 ba da ya fito a 1994. A 2002 Brian Shimkovitz ya saye shi a bakin titi a Cape Coast, hannun mai tebur irinmu, ya kuma yi shekaru yana cigiyar mawaƙin kafin a sake buga shi a 2015.

Ba muna cewa kowane kaset zinariya ba ne. Akasarin abin da ke buhunanmu kwafi ne, mu ma mun san yadda aka yi su! Masu tara irin wannan kaya na asali suke bi, kuma shaidarsa tana jikinsa: takardar bango ta maɗaba'a mai hoto garau, da sunan mawaƙi, da inda aka naɗa, da shekara, sannan rubutun jikin kaset ɗin bugu ne. Wanda aka rubuta da biro, ko hotonsa ya dushe don fotokwafi ne, kwafi ne ko da muryar ta fita tas. Uwar gida mai sayar da atamfa ta san wannan aiki, don ita ma bakin zani take dubawa kafin ta taya.

Saboda haka kada a raba kaset da takardarsa, kada a bar shi a rana ko kan lasifika, domin maganaɗisun ciki yana goge sauti. In baƙo ya zo yana son buhu gaba ɗaya, a zazzage a duba ɗaya bayan ɗaya, a tambaye shi wanne yake nema. In kuma ya ce bugawa zai sake yi, a nuna masa hanyar gidan mawaƙin ko magadansa, domin kaset muka sayar masa, waƙar tana da mai ita.